Bayan harbin Atlanta: aikin da kiɗa da waƙa ke yi wa 'yan asalin Asiya a Amurka, da inda ƙarfinsu ya tsaya

Ranar 16 ga Maris 2021 wani matashi ɗan shekara 21 ya bi gidajen tausa uku a birnin Atlanta da kewayensa, cikin jihar Jojiya ta Amurka, ya harbe mutum takwas har lahira. Shida daga cikin mamatan mata ne 'yan asalin Asiya, huɗu daga Koriya, biyu daga China. Watan Mayun da ya biyo baya ya zo da martani iri uku a jere. Ranar 4 ga wata, da kisan ya cika kwana 49, malaman addinin Buddha suka taru a wurin ibada na Higashi Honganji da ke unguwar Little Tokyo a Los Angeles, suna rera karatun addininsu domin mamatan, ana watsawa kai tsaye ta intanet. Kwana 49 a wajensu tamkar sadakar arba'in ce a wajenmu. Ranar 20 ga wata Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan sabuwar dokar laifukan ƙiyayya. Ranar 26 kuma kamfanin waƙoƙi na 88rising ya shirya wasan tara kuɗi ta intanet domin wata ƙungiya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan Asiya.

Amfanin doka kowa ya gane shi. Rera karatu da buga ganga ne ke ɗaure wa mutane kai: an kashe rayuka, wasu kuma suna kiɗa? Amsar tana cikin wani giɓi da ba a cika lura da shi ba. Abin da kotu ke iya hukuntawa ɗan kaɗan ne daga ɓarnar da ƙiyayya ke yi. Tsoron da ke hana tsohuwa zuwa kasuwa, ya hana dattijo hawa jirgin ƙasa, ba shi da lauya balle alƙali. A wannan giɓin kiɗa ke aiki, a nan kuma ya kamata a auna shi.

## Su wane ne, kuma me doka ke kira laifin ƙiyayya

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 24 a Amurka ke da asali a Asiya, wajen kashi 7 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Mafi yawansu daga China, Indiya, Filifin, Biyetnam, Koriya da Japan suka fito. Harshensu ba ɗaya ba, addininsu ba ɗaya ba, wasu ma kakanninsu sun yaƙi juna. Tara su ƙarƙashin suna guda dabara ce ta siyasa da Yuji Ichioka da Emma Gee suka fito da ita a Berkeley a 1968, hujjar kuwa a fili take: mai zaginsu a titi ba ya tsayawa tambayar ƙasar da suka fito. Arzikinsu ma haka. Injiniyan kwamfuta ɗan asalin Indiya da ɗan gudun hijira daga Myanmar mai aiki a masana'antar yanka kaji duk rukuni ɗaya ake lissafa su, shi ya sa cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2018 cewa ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi a cikinsu ta fi ta kowane rukuni a ƙasar.

Laifin ƙiyayya a dokar Amurka sai abu biyu sun haɗu. Na farko laifin da dama doka ta hana, kamar duka, kisa, ƙona dukiya ko barazana. Na biyu hujjar cewa an zaɓi wanda aka cuta ne saboda launinsa, asalinsa, addininsa ko jinsinsa. Idan na biyun ya tabbata sai a ƙara wa hukuncin nauyi, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 1993. Zagi tsagwaronsa kuwa, komai muninsa, tsarin mulki ya ba shi kariya a matsayin faɗar albarkacin baki, muddin bai kai ga barazana ba. Wanda aka ce wa ya tattara ya koma ƙasarsu, ko aka tashi daga kusa da shi a bas ana toshe hanci, an ci mutuncinsa, amma ba shi da ƙarar da zai kai.

## Mikin ya daɗe

Abin da aka gani lokacin korona maimaici ne. A 1871 gungun mutane sun kashe 'yan China kusan 18 a Los Angeles. A 1885 an kashe 28 a Rock Springs, garin masu haƙar kwal. Dokar Page ta 1875 ta toshe wa matan China hanyar shiga ƙasar bisa zargin cewa karuwanci ke kawo su, tambarin da har yau bai gama gogewa daga jikin macen Asiya ba. A 1882 aka hana leburorin China shiga baki ɗaya, ba a soke dokar ba sai 1943. Da annoba ta ɓulla a San Francisco a 1900, unguwar 'yan China aka kewaye aka hana shiga da fita. A Fabrairun 1942, bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, Shugaba Roosevelt ya ba da umarnin da ya kai ga kwashe 'yan asalin Japan kimanin 120,000 zuwa sansanoni goma, alhali kashi biyu cikin ukunsu haifaffun Amurka ne.

Shari'ar Vincent Chin ce ta fi zama a zukata. A Yunin 1982, lokacin da kamfanonin mota na Detroit ke sallamar ma'aikata ana ɗora laifin a kan motocin Japan, wasu turawa biyu suka yi wa wannan matashi ɗan asalin China dukan kawo wuƙa da sandar buga ƙwallo, saura 'yan kwanaki bikin aurensa. Ya cika bayan kwana huɗu. Alƙali ya yanke musu ɗaurin talala na shekara uku da tarar dala 3,000 kowanne, bai tura ko ɗaya gidan yari ba.

Salon bai cika sauyawa ba: cuta, yaƙi ko rashin aiki ya zo, sai a nemi wanda za a ɗora wa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina laƙaba wa cututtuka sunan ƙasa ko al'umma, amma a Maris 2020 Shugaba Donald Trump ya shiga kiran korona cutar China. Magoya bayansa sun ce asalin cutar kawai yake faɗa, masu suka suka ce ya ba masu tsangwama ƙwarin gwiwa. Mai karatu a Najeriya zai tuna cewa a Afrilun shekarar aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin Guangzhou na China bisa zargin yaɗa cutar, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan China ya nuna masa bidiyon abin. Wannan bai rage nauyin abin da aka yi wa tsofaffin 'yan China a titunan Oakland ba, nasu ma bai goge wancan ba. Cuta ɗaya ce, kowace ƙasa ta huce a kan baƙon da ke kusa da ita.

## Alƙaluma biyu da suka sha bamban

Hukumar FBI ta lissafa laifukan ƙiyayya 158 a kan 'yan asalin Asiya a 2019, sai 279 a 2020, sai 746 a 2021. Ƙungiyar Stop AAPI Hate, wadda aka kafa ranar 19 ga Maris 2020 domin tattara ƙorafin tsangwamar 'yan Asiya, ta karɓi ƙorafi 3,795 zuwa ƙarshen Fabrairun 2021, sun kuma kai kusan 11,500 zuwa Maris 2022. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da suke ƙirgawa ne ya bambanta. FBI na dogara ne da abin da ofisoshin 'yan sanda suka ga dama suka aiko, da yawa kuma kan rubuta cewa ba su samu ko ɗaya ba. Wanda ba ya jin Turanci, ko takardun zamansa ba su cika ba, ba ya ma zuwa caji ofis tun farko. Ita kuwa ƙungiyar, mutum ne ke cike fom da kansa a intanet cikin harshensa, ba a tantancewa, don haka ba za a ɗauki adadinta a matsayin ma'aunin ƙasa baki ɗaya ba.

Abin da ke cikin ƙorafin ya fi yawansa muhimmanci. A rahoton shekarar farko kashi 68 cikin 100 zagi ne da cin mutunci, kashi 20 ƙauracewa da ƙyama, duka kuwa kashi 11. Ƙorafin mata ya ninka na maza fiye da sau biyu. Wato akasarin abin da ke damun mutane bai kai matsayin laifi a doka ba. A Afrilun 2021 Pew ta gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan 'yan Asiya na fargabar a yi musu barazana ko a kai musu hari.

Ko inda aka zubar da jini, tabbatar da niyya na da wuya. Maharin Atlanta ya ce jarabar sha'awa ce ta tura shi. Washegari wani kakakin 'yan sandan gundumar Cherokee, inda aka kashe huɗu daga cikin mamatan, ya ce maharin ya wayi gari ne da mummunar rana, maganar da ta ƙara wa mutane ɓacin rai. A Yulin 2021 maharin ya amsa laifin kisa huɗu na Cherokee, aka yi masa ɗaurin rai da rai, mai gabatar da ƙara ta ce bincike bai nuna ƙiyayyar launin fata ba. Takwararta ta gundumar Fulton, Fani Willis, ta dubi kisan mata huɗu 'yan asalin Koriya na cikin birni ta ce za ta nemi hukuncin kisa haɗe da ƙarin hukuncin ƙiyayya. Mutum ɗaya, rana ɗaya, fassara biyu.

Sabuwar dokar da Biden ya sa wa hannu ta wuce da ƙuri'a 94 da 1 a majalisar dattawa, 364 da 62 a ta wakilai. Ta sa ma'aikatar shari'a ta ware jami'in da zai hanzarta duba irin waɗannan ƙararraki, ta tanadi tallafin layukan waya na kai ƙorafi a jihohi, ta kuma nemi a sauƙaƙa kai ƙara cikin harsuna daban-daban. Gomman ƙungiyoyin 'yan Asiya sun fito sun ƙi ta, suna cewa ƙirga laifi bayan ya auku ba ya hana shi, kuma masu aikin tausa kansu sun sha wahalar samamen 'yan sanda. Masu shaguna da tsofaffi da yawa a unguwannin 'yan China akasin haka suka nema, wato ƙarin sintiri. Wannan saɓanin bai warware ba.

## Gangar da ta fito daga bayan waya

Komawa ga kiɗa bayan masifa tsohuwar hanya ce a wajen waɗannan al'ummomi. A sansanonin 1942 matasa sun kafa ƙungiyoyin kiɗan jaz suna yi wa 'yan uwansu wasa a ɗakunan cin abinci, manya kuma suna raya raye-rayen Obon na tunawa da magabata. Da aka sake su, yawancin iyaye suka yi gum da bakinsu a kan abin da ya faru. 'Ya'yansu ne suka fasa shirun, kuma ɗaya daga kayan aikinsu ita ce babbar gangar Japan da ake kira taiko. Seiichi Tanaka ya kafa ƙungiyar farko a San Francisco a 1968, Kinnara Taiko ta biyo baya a 1969 a wurin ibada na Senshin da ke Los Angeles, sai San Jose Taiko a 1973. Gangar asali daga kututturen itace guda ake sassaƙa ta, kuɗinta ya fi ƙarfin matasa, sai suka koma gyara tsofaffin gangunan katako na ajiyar giya suna ɗaura musu fatar sa. Wannan dabarar ce ta sa kiɗan ya bazu a Amurka, domin kowace unguwa na iya haɗa nata.

Dalilin da ya sa taiko ta karɓu yana da sauƙin fahimta. An saba kwatanta 'yan Asiya da mutanen da ba sa ɗaga murya, ba sa ƙorafi. Mai buga taiko kuwa ƙafafu yake warewa, ya ɗaga hannu sama, ya doka da dukkan jikinsa, ya yi kururuwa a bainar jama'a. Mata sun shiga cikinta da yawa. Tun 1969 ake ziyarar tsohon sansanin Manzanar a hamadar Kalifoniya, inda a yanzu ake buga taiko, a yi addu'o'in addinai daban-daban, a rufe da rawar da kowa ke shiga. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Musulmin Amurka ma suka shiga sahun masu zuwa, domin 'yan asalin Japan na cikin waɗanda suka fara fitowa suna gargaɗin kada a maimaita musu abin da aka yi a 1942.

A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a kan dokar da gwamnati ta ba da haƙuri, ta kuma biya dala 20,000 ga kowane wanda aka tsare da ke raye. Lauyoyi, 'yan majalisa da shaidu sama da 750 da suka yi magana gaban kwamitin bincike a 1981 su ne suka kai ga wannan nasara. Ganga ba ta rubuta doka ba. Amma shekara 46 ke tsakanin laifin da diyyar, kuma dole wani abu ya riƙa tara mutane duk shekara har maganar ta kai wannan lokaci da ranta.

Sauran al'ummomin ma kowa da nasa. Bayan tarzomar Los Angeles ta 1992, inda aka lalata shagunan 'yan Koriya sama da 2,000, mutum kusan 30,000 sun yi tattakin neman zaman lafiya, makaɗan gargajiyar Koriya na cikinsu sanye da fararen kaya na makoki. A Oak Creek ta jihar Wisconsin, ranar 5 ga Agusta 2012, wani ya harbe mabiya addinin Sikh shida a wurin ibadarsu. Ibadar Sikh da rerawa ake yin ta, da ƙananan ganguna na tabla da molon iska mai madannai. Cikin mako guda suka wanke wurin suka koma rera baitocinsu, suka bar ramin harsashi ɗaya a jikin ƙofa ba su cike ba. Wanda ya kashe su tsohon soja ne da ke kiɗa a ƙungiyoyin waƙar masu aƙidar fifikon farar fata. Kiɗa na ɗaure mutane wuri guda, amma ba ya zaɓar abin da za su haɗu a kai.

## Abin da bincike ya tabbatar, da wanda bai tabbatar ba

Hujjar da ake da ita ta gaskiya ce, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Masu bincike a Gothenburg ta Suwidin sun nuna a 2013 cewa idan mutane na rera waƙa tare, numfashinsu na daidaita, bugun zuciyarsu ya riƙa hawa da sauka lokaci guda. Dogon baiti na tilasta wa mutum fitar da numfashi a hankali, wanda shi ne abin da ake koya wa mai firgici. A 2015 masu bincike a Oxford sun bi azuzuwan manya tsawon wata bakwai, suka ga masu koyon waƙa sun fi masu koyon rubutu ko aikin hannu saurin sabawa da juna, amma zuwa ƙarshe duk sun kamo juna. Waƙa saurin ƙulla zumunci gare ta, ba ita kaɗai ke ƙulla shi ba.

A 2016 Daisy Fancourt da abokan aikinta a Landan sun gwada kiɗan ganga na rukuni a kan masu fama da matsalar ƙwaƙwalwa, zaman minti 90 sau ɗaya a mako har mako 10. Ciwon damuwa da fargaba sun ragu, sauƙin kuma ya ɗore wata uku bayan an gama. Sai dai mutum 30 ne kawai suka buga gangar, kuma ba waɗanda aka kai wa harin ƙiyayya ba ne. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2017, wadda ta haɗa bincike tara da mutum 421, ta ce jinyar kiɗa na rage ciwon damuwa na ɗan lokaci idan an haɗa ta da maganin da aka saba. Ba ta ce a jefar da maganin ba.

Ma'aunin da masana agajin gaggawa suka fi amfani da shi shi ne wanda Stevan Hobfoll da tawagarsa suka fitar a 2007: bayan babbar masifa mutane na buƙatar jin suna cikin aminci, natsuwa, sanin cewa suna iya yi wa kansu wani abu, kusanci da juna, da fata. Zaman waƙa mai tsari na taɓa huɗun ƙarshe. Na farkon, wato aminci, aikin fitilar titi ne da masu rakiya da hukuma.

Akwai dalili guda da ya sa hanyar ta dace da 'yan Asiya musamman. Alƙaluman gwamnatin Amurka sun daɗe suna nuna cewa su ne mafi ƙarancin zuwa neman taimakon likitan ƙwaƙwalwa, saboda kunya, tsada da ƙarancin likita mai jin harshensu. Tsohuwar da ba za ta taɓa taka asibitin ƙwaƙwalwa ba, za ta zo ajin waƙa ranar Asabar, a nan ne kuma mai lura zai gane ta yi wata guda ba ta barci.

## Yadda ake shirya zaman, da inda yake lalacewa

Kuskuren farko gaggawa ce. A kwanakin farko abin da iyalai ke buƙata shi ne kuɗin jana'iza, tafinta, lauya da abinci. Tara mutane a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani, salon da aka taɓa yayi, bincike ya nuna ba ya hana ciwon firgici, wani lokaci ma ƙara shi yake, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa. Don haka a zaman waƙa ba a tilasta wa kowa magana. Mai son yin shiru ya riƙe ƙaramar ganga, ya wadatar.

Tsarin da ya fi aiki ƙarami ne mai maimaituwa: mutum 10 zuwa 20, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, rana guda a mako, na tsawon mako 8 zuwa 10, da rana tsaka, a wurin da suka riga suka sani kamar zauren coci, wurin ibadar Buddha ko cibiyar tsofaffi. Ana jera kujeru a da'ira yadda kowa ke hangen ƙofa, a bar ta a buɗe. Masu jagora biyu ake so, ɗaya na riƙe da waƙa, ɗaya na kallon fuskoki, ya bi duk wanda ya fita. Ana farawa da kiɗa mai sanyi, bugu 60 zuwa 80 a minti, kusa da bugun zuciyar mai hutawa, da baitoci gajeru masu amshi da ba sai an iya karatu ba. Sai a ɗaga a tsakiya, a sauko a minti goma na ƙarshe. Sallamar mutane jikinsu na rawa su fita titin da suke tsoro ɓarna ce. Shayi da ɗan abin taɓawa bayan an tashi suna cikin aikin, domin a nan ake karɓar lambar wayar juna, a shirya wanda zai raka wa zuwa tashar bas.

Ƙarar ganga na da haɗari biyu. Bugu mai ƙarfi ba zato kan yi kama da harbi a kunnen wanda ya tsira daga bindiga, don haka ana sanar da mutane kafin a doka, ana kuma fara zaman farko da tafi ko ƙananan ganguna. Na biyu kunne ne: ƙa'idar da cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ke ba da shawara a kai ita ce desibel 85 a ma'aunin ƙara na awa takwas, duk ƙarin 3 kuma na raba lokacin biyu. Manyan ganguna a rufaffen ɗaki kan wuce wannan nesa ba kusa ba, shi ya sa ake raba abin toshe kunne.

Zaɓen waƙa ya fi komai santsi. Mai shiryawa da ya ɗauka duk 'yan Asiya ɗaya ne zai iya sa waƙar Japan a gaban dattijon Koriya da ya taso ƙarƙashin mulkin mallakar Japan na 1910 zuwa 1945, ko waƙar da gwamnatin Biyetnam ke ji da ita a gaban wanda ya gudo daga birnin Saigon lokacin da ta kama shi a 1975. Ga tsofaffin Kambodiya, waɗanda mulkin Khmer Rouge ya hallaka mafi yawan makaɗansu, tsohuwar waƙa ɗaya na iya zama magani ga wannan, ta tayar wa na kusa da shi da abin da ya binne shekara arba'in. Maganin shi ne a tambaya tukuna, a bar mahalarta su kawo waƙoƙinsu. Harshe ma haka: a tsofaffin unguwannin 'yan China dattawa da yawa Kantonis ko Toisan suke ji, tafintan Mandarin ba zai yi musu amfani ba. Kyamara kuma a waje ake barinta, saboda masu matsalar takardu da masu aikin da ake yi wa kallon banza.

Dole mai jagora ya san iyakarsa. Makaɗin unguwa daban, ƙwararren mai jinya da kiɗa daban: na biyun a Amurka sai ya yi digiri, ya yi horon asibiti na awa 1,200, ya ci jarrabawar hukumar tantancewa. Wanda mafarkin tsoro, zabura da gudun wurare suka wuce masa wata guda, ko ya fara maganar kashe kansa, asibiti ake haɗa shi da ita. Tun Yulin 2022 akwai lambar gaggawa ta 988 a faɗin ƙasar, tana kuma da masu fassara.

## Manyan wasanni da taurari

Nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. A ƙarshen Maris 2021 mawaƙan Koriya ta Kudu na BTS suka fitar da saƙon ta'aziyya tare da bayyana irin zagin da su ma suka sha, saƙon ya zama wanda aka fi yaɗawa a Twitter a duk shekarar, a ranar 31 ga Mayu 2022 kuma suka je fadar White House a kan batun. Masu goyon baya na cewa wannan ya kai maganar kunnen miliyoyin matasan da ba sa karanta jarida, ya kuma buɗe aljihu. Buƙatar kuɗin ta gaske ce: wani rahoto na 2021 ya nuna cewa cikin kowace dala 100 da gidauniyoyin Amurka ke bayarwa, senti 20 kacal ke zuwa ga waɗannan al'ummomi.

Masu suka na cewa wasan dare ɗaya masu kallo yake sanyaya wa rai, waɗanda abin ya shafa kuwa, mata masu shekaru da ke aiki har dare a gidan tausa, ba su cikin zauren. Suna kafa hujja da abin da 88rising ta yi bayan kisan, inda ta wallafa hoto mai launin rawaya zalla a shafinta a matsayin alamar juyayi, aka yi mata ca cewa ta kwaikwayi alamar gwagwarmayar baƙar fata kuma ta ɗauko launin da ake zagin 'yan Asiya da shi, ta cire ta ba da haƙuri. Kuɗin jama'a ma ba ya rabuwa daidai: asusun intanet na iyalin ɗaya daga matan Atlanta ya tara kusan dala miliyan uku, wasu iyalan ba su samu ko kusa da haka ba. Duka ɓangarorin na da gaskiya a abin da suke kallo. Babban wasa na iya tara kuɗi da jawo hankali, amma ba shi da mako na biyu, kuma binciken ganga da aka ambata a sama, wanda ya nuna sauƙi mai ɗorewa, a kan zama mai maimaituwa aka yi shi.

## Abin da ke isa ga talaka

Harbin garin Monterey Park na jihar Kalifoniya ya nuna yadda lamarin ke da sarƙaƙiya. Daren 21 ga Janairu 2023, jajibirin sabuwar shekarar gargajiyar China, wani dattijo ɗan shekara 72, shi ma ɗan asalin Asiya, ya kashe mutum 11 a zauren rawa na Star Ballroom, kusan dukkansu masu shekara sittin zuwa sama. Ba a lissafa shi a laifin ƙiyayyar launin fata ba, amma ya faɗo a kan mutanen da suka shafe shekara uku cikin fargaba, kuma ya same su a wurin da suke zuwa neman sauƙi. Irin waɗannan zauruka su ne inda baƙon da ya tsufa, 'ya'yansa suka watse, Turancinsa bai nuna ba, ke samun abokan hira da motsa jiki da kuɗi kaɗan. Duk wanda tsoro ya hana komawa, kaɗaici ne ke jiransa a gida, shi kuma kaɗaici na da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya da saurin mantuwa.

Wasu jihohi sun fara lissafa wannan a kasafinsu. A 2021 Kalifoniya ta ware sama da dala miliyan 150 na shekara uku domin al'ummomin Asiya, kaso mafi tsoka ya tafi ga ƙungiyoyin unguwa masu kula da waɗanda aka cuta da masu aikin rigakafi, ciki har da rakiyar tsofaffi da shirye-shiryen al'adu. A shekarar ce Illinois ta zama jiha ta farko da ta wajabta koyar da tarihin 'yan asalin Asiya a makarantun gwamnati. Matsalar irin wannan tallafi ita ce wa'adi gare shi, kuma yana bin zafin labari. Idan ya ƙare, ganguna na nan a ɗakin ajiya, makaɗa ma sukan ci gaba da zuwa kyauta. Abin da ke fara yankewa shi ne kuɗin hayar zaure, albashin tafinta da motar da ke ɗauko tsofaffi daga gida, kuma waɗanda suka dogara da ukun nan su ne waɗanda aka shirya zaman dominsu.